Rabin Ajiya

Ina lasar dutse. Gara in faɗa da bakina tun da wuri, kafin wani ya ba ku labari ya ƙara gishiri. Duk wanda ya koyi aikin duwatsu a hannun tsofaffin malamai yana yi: ka fasa dutse, ka jiƙa fuskarsa da harshe, sai ƙwayoyin cikinsa su fito fes ka karanta su kamar rubutu. Ranar da Inna ta fara kama ni ina yi, sai da ta tafa hannu ta yi salati.

"An kai yarinya jami'a, ta dawo akuya," in ji ta.

Dutsen da ta kama ni ina lasa kuwa tsaraba ce na kawo mata daga fitarmu ta farko ta ɗalibai, wani mai nauyi, cikinsa baƙi wuluk, da na ɗauko a gindin tsauni. Ta juya shi, ta auna shi a hannu, ta ce ba a ci ba a sha, amma zai yi maganin ƙofarta. Ƙofar ɗakin Inna, mai koren fenti, ba ta taɓa yarda ta tsaya a buɗe ba. Da an sake ta sai ta taho a hankali ta rufe kanta. Dutsen nan ya tare ta shekara da shekaru, har ya yi wa kansa gurbi a siminti.

Mu biyu Inna ta haifa, ni da Auta, kuma tsakaninmu da rata. Babanmu ya rasu Auta yana firamare, saboda haka ni na koya masa jadawalin lissafi, ni na je makarantarsu ranar da ya fasa wa wani yaro baki, ni na cike masa takardar shiga jami'a. Da ya biyo ni sashenmu na ilimin duwatsu, ranar ƙasa ba ta ɗauke ni ba don murna. Sai dai shi ɓangaren na'ura ya zaɓa. Ni taswira da guduma, shi niƙa da awo. A wurin Auta dutse bai zama abin kulawa ba sai ya koma gari an zuba shi a kwalba.

"Yaya, don Allah ki daina abin nan a gaban ɗalibai," yakan ce in ya ga na kai dutse baki. "Wane zamani muke ciki? Akwai na'ura fa."

"Na'urarka in an ɗauke wuta sai ta kwanta. Harshena bai taɓa neman janareta ba."

Har yau Auta bai taɓa ɗora harshe a kan dutse ba, ƙyama yake yi.

Abin da na ba wa rayuwata yana ƙarƙashin teku ne, ni da ko a kududdufi ban iya iyo ba. Can a tsakiyar teku akwai wani dogon tsauni a kwance, kuma a gadon bayansa ne ƙasa take rabewa biyu. Ɓangare ɗaya yana ja nan, ɗaya yana ja can, narkakken dutse yana tasowa daga ƙasa yana cike tsakani. Wasu irin tsaunukan suna buɗewa da sauri. Nawa malalaci ne, bai wuce saurin tsiron farce ba. Malalata irinsa ba sa tafiya santal, yankuwa suke gaɓa-gaɓa kamar rake, kowace gaɓa da tukunyarta ta narkakken dutse a ƙarƙashi, kuma bakin wannan gaɓa ba ya haɗuwa daidai da na waccan, sai ya ɗan goce gefe. Cikin miliyoyin shekaru wata gaɓa takan yi tsawo ta cinye maƙwabciyarta, wata kuma ta tsinke ta zama biyu. Kowa ya yarda da haka. Abin da ba wanda ya taɓa kamawa da hannu shi ne yadda sabuwar gaɓa take somawa.

Ni kuwa na ga wani wuri a taswira, wata 'yar lanƙwasa a tsakiyar wata doguwar gaɓa, na ce a nan ake haihuwa. Manyan fannin suka ce a'a, tsohon tabo ne yake warkewa. Maganin gardamar ɗaya ne, a san shekarun dutsen wurin. In sabo ne, ni ce da gaskiya. In tsoho ne, sai in naɗe taswirata in ba su haƙuri.

Sau ɗaya tak na samu shiga jirgin masu bincike, kuma rabin tafiyar a kan bokiti na yi ta ina amai. Yadda ake ɗebo dutse a can ba wani abin burgewa ba ne: wani ƙaton guga ne mai haƙoran ƙarfe, a zura shi da doguwar waya, a ja shi a ƙasan teku, a jawo a ga abin da Allah ya ba da. Na roƙi shugaban tafiyar har ya gaji da ganina, ya yarda a jefa gugan a kan lanƙwasata kafin iska ta kore mu. Ya fito cike da laka. Na zura hannu har gwiwar hannu ina lalube, sai na taɓa abu mai tauri. Dutse ɗaya ne, kamar kan jariri, gefensa ɗaya da wata baƙar fata mai ƙyalli. In narkakken dutse ya gamu da ruwan sanyi, fatarsa takan daskare nan take ta zama gilashi, ta kulle shekarunta a ciki. Cikin dutsen kuwa yakan yi ta shan ruwan teku har ya gauraye, in ka tambaye shi shekarunsa sai ya yi maka ƙarya. Fatar ce mai gaskiya.

Na goge shi da gefen rigata na lasa. Gishiri ya cika mini baki, na tsaya a gaban turawa da baƙaƙe ina kuka kamar an ba ni jariri.

Da na dawo, malaminmu, wanda muke kira Tsoho a bayan idonsa, shi da kansa ya tsaya a kaina ina yanka dutsen da zarto. Dokar aikinmu ke nan, kuma bai taɓa gajiya da faɗarta ba.

"Rabi na aiki, rabi na ajiya," ya ce. "Na aiki naki ne, ki cinye shi in kin ga dama. Na ajiya ba naki ba ne, ba nawa ba ne. Na na'urar da ba a ƙera ba tukuna ne, da ɗalibin da ba a haifa ba."

"Malam, ai kusan duk fatar a wannan rabin take."

"Shi ya sa shi za mu ajiye."

Muka lulluɓe bayansa da auduga don kada fatar ta farfashe, muka naɗe da salatif, muka sa a leda, fuskar da zarto ya yanka ce kaɗai ake gani. Aka kulle shi a kabad ɗin ƙarfe mai mukulli ɗaya. Da Tsoho ya rasu, mukullin ya dawo hannuna. Lokaci-lokaci nakan buɗe in leƙa fuskar ta cikin leda, in gaishe shi, in mayar.

Rabin aiki kuwa na yi ta gutsurarsa har ya ƙare. 'Yar fatar da ke jikinsa ba ta ishi na'urorin lokacin ba, sai su ci su ce ba su ƙoshi ba. Auta ya sha zuwa ofishina ya zauna a bakin tebur yana kaɗa ƙafa.

"Yaya, ki ba ni ɗaya rabin mana. Sati biyu in kawo miki amsa."

"Na'urarka ta iya aiki da fatar kaɗai?"

"Ba za ta ishe ta ba. Sai an haɗa da cikin."

"To ka ga kuwa. Mai haƙuri yakan dafa dutse."

"Ya sha romon yana kabari," ya ce, muka yi dariya.

Ana nan sai ciwo ya kayar da ni, aka yi mini aiki a ciki. Na daɗe a asibiti, na ƙara daɗewa a gida. Jakata da mukullaina duk a hannun Inna na bar su, don a duniya ba inda ya fi nan aminci. A lokacin nan Auta yana cikin tsaka mai wuya. Wa'adin gwajin aiki da jami'a ta ba shi ya kusa cika, kuma an gaya masa a fili, in bai fitar da bincike mai nauyi ba, ya nemi wani wurin. Yakan zo gaishe ni, ya rame kamar shi aka yanka. Na tausaya masa ƙwarai, har ina ba shi baki daga kwance.

Bayan na koma aiki da 'yan watanni Auta ya shigo da takardu a hannu. Ya ce wani abokinsa na wata ƙasa ya aiko masa da dutse daga kusa da lanƙwasata, wanda wani jirgi ya taɓa ɗebowa, ya niƙa ya auna. Sakamakon ya ce tsoho ne. Tabo ne, ba haihuwa ba.

Ba zan ɓoye ba, ya yi mini ciwo. Amma na ce in dai kayar da ni za a yi, gara ɗan ɗakinmu ya kayar da ni. Ni na zauna na gyara masa jimlolin maƙalar, ni na zana masa taswirar da ke shafi na biyu. Ta fito a babbar mujalla, aka tabbatar masa da aiki, aka ba shi shugabancin ɗakin na'ura. Manyan da suka ce tabo ne suka riƙa ambaton sunansa a taro suna kallona ta wutsiyar ido. Na haɗiye. Na ce ina da rabina a kabad, ranar da na'urar da ake jira ta zo duniya za mu ji daga bakin fata.

A 'yan kwanakin nan ne na lura da tsohon takalmi Inna take tare ƙofarta. Na tambaye ta ina dutsena. Ta ce yaran maƙwabta sun yi gaba da shi, ba ta ma san ranar ba. Na ce zan kawo mata wani, na manta.

Shekaru suka ja, sai ga na'urar ta zo duniya. A wata jami'a mai nisa aka ƙera ta, kuma fata kamar yankan farce ta ishe ta. Layin masu jira ya fi na asibitin gwamnati. Na shiga, na jira, har aka aiko cewa lokacina ya yi, in aiko da fatar. Kwamitin sashe ya zauna ya ba ni izinin buɗe rabin ajiya. Ranar da safe sai da na sa sabon mayafi, kamar mai zuwa tarbar baƙo.

Na ɗauko shi, nauyinsa daidai. Na kai teburina, na yanke ledar, fuskar nan baƙa mai santsi ta fito. Ban yi shawara da kowa ba, ko da zuciyata, harshena ya riga ni.

Lami. Ba gishiri ko ɗis.

Na ce ko bakina ne, don na sha shayi da sukari. Na kurkure, na sake lasa. Ƙura kawai da ɗanɗanon ƙarfe. Dutsen da ya kwana miliyoyin dare a ruwan teku, ko ya shekara nawa a leda, gishirinsa ba ya barinsa sai an jiƙa shi an wanke. Na san haka kamar yadda na san sunana. Na kama salatif ina ɓarewa, audugar ta zube a cinyata. Babu fata. Bayan dutsen ja-ja ne, irin na wanda rana da ruwan sama suka daɗe suna duka, an sassaƙe gefensa don ya yi girman nawa. Akwai wani ɗan shafin kore a kusurwa, ban ko tsaya kansa ba. Dutsen tudu ne, bai taɓa ganin teku ba.

An zaɓi launi daidai, an zaɓi nauyi daidai, an yanka da zartonmu, an naɗe yadda Tsoho yake naɗi. Wanda ya yi aikin nan ya san komai game da dutse, ban da ɗanɗanonsa. Mutum ɗaya na sani haka a duk ginin.

Na sa dutsen a jaka na sauka ƙasa. Ɗakin Auta sanyi ƙalau, na'urori suna ta gurnani, ɗalibai biyu suna wanke kwalabe. Ya ɗago yana murmushi, da ya ga fuskata murmushin ya tsaya a hanya. Ya ce wa ɗaliban su je su sha iska.

Na ajiye dutsen a gabansa.

"Lasa," na ce.

"Yaya…"

"Lasa mana, Dakta. Ko na'ura za ka kunna?"

Ya zauna. Bai ko yi wahalar musu ba, wannan ma ya ƙara ƙona mini rai. Na so a ce ya rantse, ya yi borin kunya, in samu abin da zan daka.

"Ba wani aboki, ko?" na ce. "Ba wani jirgi."

"Babu."

"Dutsena ka niƙa, ka kawo mini takardar na gyara maka turanci."

"Korata za su yi, Yaya. Kina kwance, ga Inna, ga iyalina. Na ce in na tsaya da ƙafata zan gaya miki. Kullum sai in ce gobe."

"Fatar fa? Ka ɓare ta ka ajiye?"

Ya dubi ƙasa.

"Auta, fatar."

"Ba ta isa ba ita kaɗai. Na haɗa da cikin."

Na dafa tebur. Wato ba sata kaɗai ya yi ba. Ya ɗauki mai gaskiya da maƙaryaci ya zuba a turmi ɗaya, ya daka, ya auna, ya shelanta wa duniya abin da ya fito.

"Ka san cikin ƙarya yake yi. Ni na koya maka, a kan allon can na sama."

"Na wanke garin sosai kafin in auna."

"Ka san ba ya wankuwa."

Na'ura tana ta gurnaninta. Can sai ya ɗago, ido ya yi ja, abin da ya daɗe yana ci masa rai ya fito.

"Ke ma fa, Yaya, da kin ajiye shi har ki mutu. Kullum jira, kullum ba yanzu ba. Kin zama kamar tsaunin naki, a shekara ki motsa kamar farce. Mu masu rai fa? Ɗalibin da ba a haifa ba ya fi wanda yake gabanki yana nutsewa?"

"Na'urar ta zo, Auta. Yau zan aika."

Ya jawo aljihun tebur ya ɗauko wata 'yar kwalba, garin toka-toka a gindinta bai kai cokali ba, ya turo mini. Abin da ya rage ke nan na amai da roƙo da shekarun da na yi ina gaishe da leda. Ban taɓa ta ba.

"Mukulli ɗaya ne," na ce. "Yaya aka yi ka buɗe?"

"Na yanka wani."

"Da wanne ka yanka?"

Ya kau da kai. Na ɗauki dutsen na mayar jaka. Na gaya masa dole in sanar da masu na'urar dalilin da ba zan aika ba, dole kuma mujalla ta sani, don mutane suna gina bincikensu a kan toka. Ya san abin da hakan yake nufi ga aikinsa. Ina bakin ƙofa ya ce, "Ki yi duk abin da za ki yi, amma don Allah kada ki je wa Inna da maganar nan."

Na ɗauka tsoronta yake ji. Wannan ya sa ma na nufi can kai tsaye. Ban taɓa yanke babbar magana ban gaya wa Inna ba, kuma gaskiya ina son wani ya ce mini sannu. Ina son ta tafa hannu ta yi salati, ta ce a kira mata shi.

Na same ta da la'asar a bakin gado tana ninke wanki. Na gaishe ta, na zauna a kan tabarma, na kwashe komai na gaya mata, tun daga buɗe kabad har zuwa 'yar kwalba. Ina magana tana ninki. Ta ninke zane, ta shafe shi da tafin hannu, ta ɗora a kan ɗan uwansa, ta jawo wani. Ba salati, ba tafa hannu.

"To yanzu me kike so ki yi?" ta ce.

"Zan rubuta musu gaskiya."

"Su kore shi."

"Shi ya kori kansa, Inna."

"Saboda dutse."

"Ba dutse ba ne kawai."

"To mene ne? Zinariya ce? Ke kanki kin ce da laka aka jawo shi. Tekun ta ƙafe ne? A koma a ɗebo wani."

"Inna, jirgin nan sau ɗaya ake samu a rayuwa. Ko an koma, sai a jefa guga sau ɗari ba a dace ba."

"Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar," in ji ta, ba ta dube ni ba. "Ke ce babba. Babba juji ne."

Na sha jin maganar nan tun ina 'yar shekara goma sha wani abu, kuma kullum nakan sunkuyar da kai. Yau ma na fara sunkuyarwa. Sai iska ta ɗan taso, takalmin da ke tare ƙofa ya zame, ƙofar ta taho a hankali, ɗakin ya yi duhu. Na tashi in gyara. Na tura ta baya, na durƙusa ina neman takalmin, idona ya sauka a kan gurbin nan na siminti, da gindin ƙofar inda koren fenti ya goge saboda shekarun da ya yi yana gugar abu ɗaya.

Na daɗe a durƙushe. Sannan na jawo jakata, na fito da dutsen, na juya kusurwar mai kore wajen ƙofa, na ajiye shi a gurbin. Ya zauna daram, sai dai rabin gurbin ya rage fili.

Ashe tsarabata ce. Ni na ɗauko shi a gindin tsauni ina yarinya, na saɓo shi a jaka har gida, shi na fara lasa a gabanta.

"Yaran maƙwabta," na ce.

Hannun Inna ya tsaya a kan zanen.

"Ya zo mini yana kuka," ta ce. "Namiji da gemunsa, ya kifa kai a cinyata. Ke kina asibiti ba a san yadda za ta kaya ba. Ya ce akwai wani dutse a kabad ba abin da yake yi, in ya samu zai tsira. Na buɗe jakarki na ba shi mukullin. Ya dawo ya ce yana neman baƙin dutse mai nauyi da zai sa a madadinsa, don kada hankalinki ya tashi kina jinya. Na ce ga wannan."

"Ke kika ce ga wannan."

"Na ɗauka dutse dutse ne."

"Da na warke fa? Duk shekarun nan ina zuwa nan ina gaya miki ina jiran na'ura, kina ce mini Allah ya kawo ta."

"To me zan ce? In haɗa ku faɗa?" Ta ajiye zanen a cinya. "Ke kina da ƙarfi. Tun kina ƙarama ko me aka ɗora miki kina ɗauka. Shi ba haka yake ba."

Na so in yi ihu, na so in tambaye ta wa ya taɓa tambayata ko kayan sun yi mini nauyi. Amma uwa uwa ce. A duk tafiyar da na yi daga ofis zuwa nan, ina ganin cuta ɗaya aka yi mini, na zo kai ƙara. Ashe gidan alƙalin aka raba kayan.

"Na zo neman izininki ne," na ce. "Na fasa nema. Gobe zan rubuta."

"Yayarsu…"

"Sai an jima, Inna."

Na sa takalmina a bakin ƙofa. Ba ta taso ba, ni ma ban juya ba sai da na kai tsakar gida, na ji wani ƙara a bayana, ƙiii, kamar ana jan abu a siminti. Rabin dutse bai isa ya riƙe ƙofar ba. Tana turo shi a hankali, yana ja da baya, ina hango Inna a bakin gado da zane a cinya, hasken da ke kanta yana ta raguwa, har ƙofar ta rufe.